Juya Rigar Mu Ga Bayanta: Sharhi a Kan Surfanin Wannan Zamani

Saura mako biyu Babbar Sallar da ta wuce, muka shimfiɗa manyan riguna biyu a kan tabarma ɗaya a gidan kawunmu da ke Makera. Ta farko sabuwa ce fil, farar shadda, ranar muka karɓo ta daga wurin tela, aikin kwamfuta ya cika mata ƙirji sai ƙyalli take. Ta biyu ta Kawu ce, saƙi wanda shuninsa ya fara koɗewa a kafaɗu, aska takwas, aikin hannu. Ya ce a Zariya aka yi ta, kuma daga mahaifinsa ya gaje ta. Duk wanda ya shigo ɗakin sabuwar yake fara yabawa. Kawu bai tanka ba sai da kowa ya gama, sannan ya ce, "To ku juya su mu ga bayansu."

Muka juya. A bayan sabuwar akwai takarda mai kauri da aka liƙa don ta riƙe yadin, ga zare yana tsallake daga wannan siffa zuwa waccan, ga guntaye da aka datse sun yi tsaye kamar ƙaya. Bayan tsohuwar kuwa bai kai gabanta kyau ba, amma ana iya karanta shi. Muka ga inda allura ta fara, inda ta juya, inda zare ya ƙare aka ɗora wani. Da yatsa za ka bi sawun mutumin da ya yi aikin, ko da yake ya daɗe a kabari.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan bambanci. Akwai manhajar da fuskarta ke da kyau a waya, amma in ka buɗe cikinta sai ka tarar da faci a kan faci, ba wanda zai iya gyara ta ko ya ɗora wani abu a kai. Abin da muke son faɗa a wannan sharhi shi ne, surfani yana da ƙa'ida a ƙarƙashin kyansa, kuma yawancin aikin kwamfutar da muke saye a yau ya kwafi fuskar zanen kakanninmu ya bar ƙa'idar. Kafin mu zargi kowa, bari mu fara nuna mene ne wannan ƙa'ida. Hanya mafi sauƙi ita ce mu leƙa wani surfani na wata ƙasa, wanda ƙa'idarsa take a fili.

Darasi daga surfanin baƙin zare

A Ingila ta ƙarni na 16 an yi yayin wani irin surfani da ake yi da baƙin zaren siliki a kan farin lilin, a wuyan riga da bakin hannu. In aka fassara sunansa na Turanci kai tsaye sai ya zama "baƙin aiki", wanda a wurinmu ba yabo ba ne, don haka mu kira shi surfanin baƙin zare. Ana yawan danganta yaɗuwarsa da Katarina ta Aragon, gimbiyar Sifaniya da ta zo Ingila a 1501 ta kuma auri Sarki Henri na Takwas a 1509, duk da cewa an san irinsa a ƙasar tun kafin zuwanta. Mai zanen fada, Hans Holbein, ya fito da wannan ɗinki dalla-dalla a hotunan da ya zana, kamar bakin hannun rigar Jane Seymour, har aka laƙaba wa ɗinkin sunansa. Amma ɗinkin ya girmi Holbein. A gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford akwai guntayen yadi daga Masar ta zamanin Mamluk, wato tsakanin 1250 da 1517, masu ɗauke da irin wannan ɗinki.

Ga yadda ake yin sa. Ba a zana komai a kan yadin, zaren saƙar ake ƙirgawa. Allura ta hau kan zare biyu, ta nutse ƙarƙashin biyu, ta sake hawa kan biyu, haka har ƙarshen layi. A wannan tafiya ta farko layin a tsinke yake, taki ɗaya ɗinki, taki ɗaya gurbi. Sai allura ta juyo ta biyo sawunta, tana cike kowane gurbi. Da ta dawo inda ta fara, layin ya cika a gaba, ya cika a baya, kuma fuskokin biyu iri ɗaya ne sak. Wannan ya dace da bakin hannun riga, tunda duk wanda ya ɗaga hannu za a ga ciki da waje.

Inda hankali yake shiga shi ne idan zanen yana da rassa. Mai ɗinki tana isa mararraba sai ta bar babbar hanya, ta bi reshen har ƙarshensa, ta dawo tana cikewa, sannan ta ci gaba. In reshen ma yana da nasa reshe, haka za ta yi masa. Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya ji wannan zai yi murmushi, domin ita ce hanyar bincike da aka koya mana a aji: nutsa cikin reshe har ƙarshe, ka dawo, ka kama na gaba. Tushen wannan fanni na lissafi yana komawa ga Leonhard Euler, wanda a 1736 ya warware tambayar gadoji bakwai na birnin Königsberg: shin mutum zai iya zaga gari ya ƙetare kowace gada sau ɗaya tak? Ya nuna ba zai yiwu ba, kuma amsar ta dogara ne ga yawan gadojin da suka taɓa kowane yanki. Mai baƙin zare tana bin kowace hanya sau biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Wani malamin lissafi a Amurka, Joshua Holden, ya nuna a wani babi da aka buga a 2008 cewa kowane zane ana iya ɗinka shi haka, muddin duk sassansa suna haɗe da juna.

Abin ɗauka a nan shi ne, a wannan surfani siffar da ido ke gani da hanyar da allura ta bi abu ɗaya ne. Wadda ba ta fahimci yadda zanen ya haɗu ba, ba za ta iya gama shi ba tare da tsallake ba, kuma tsallaken zai tona mata asiri a baya.

Rigar da ta karkata hagu

Sai dai a yi hattara. Idan muka ɗauki ma'aunin Ingila muka ɗora a kan rigar Kawu, za mu zalunce ta. Babbar riga ba a yi ta don a ga cikinta ba. Kuma mai aikinta ba zaren saƙa yake ƙirgawa ba. Mai zane ne yake fara fitar da siffofin a kan yadi da alƙalami da tawada, sannan masu allura su bi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma kammala digirinsa na uku a kan surfanin tufafin Hausawa a 1979, ya lura da kusancin wannan sana'a da malamai da almajirai. Ba abin mamaki ba ne, hannun da ya saba da allo da zayyana shi ne ya saba da jan layi a miƙe. Colleen Kriger kuma, mai binciken tarihin tufafin Afirka ta Yamma, ta nuna yadda irin waɗannan riguna suka zama kyautar girmamawa a Daular Sakkwato, aiki yana zagayawa tsakanin masaƙa da marina da masu surfani na Hausa da Nufe da Ilori.

To ina ƙa'idar rigar take? Mu dube ta a shimfiɗe. Nauyin aikin duk yana hagu, a kan babban aljihun ƙirji. Nan askake suke, dogayen alwatika masu tsini suna nuna ƙasa, kusa da su ga ƙananan gidaje da dagi, an cike tsakaninsu da ƙananan huji da aka zagaye bakin kowanne da zare har suka yi kamar saƙar zuma. A dama kuwa fili ne, sai tambari, da'irar nan da ta naɗe kamar gammo. Aikin ya haura kafaɗar hagu ya gangara baya, inda wani naɗin yake jira. In ka ninka rigar biyu, hagu da dama ba za su haɗu ba ko kaɗan.

Duk da haka ba wanda ya taɓa kallon dattijo cikin aska takwas ya ce rigarsa ta karkace. Dalilin, a fahimtarmu, shi ne mai zanen ya auna abubuwan da suka saɓa wa juna ne: tsini a hagu, zagaye a dama, cunkoso a nan, sarari a can, layin da ya tsaya cak da layin da ke juyawa. Filin da ya bari babu zare yana aiki kamar yadda shiru yake aiki tsakanin bugun kalangu. Ya kuma yi lissafin jikin da zai sa rigar, domin in mutum ya naɗe hannayenta ya ɗora a kafaɗa, gefuna sukan tattare, ƙirji da tsakiyar baya su ne ke zama a fili. A tsohuwar rigar saƙi akwai wani ma'auni na ɓoye: siraran ƙyallayen da masaƙi ya saƙa aka harhaɗa sun bar layuka a tsaye daga wuya zuwa ƙasa. A rigar Kawu mun lura faɗin askake da tazararsu suna tafiya da waɗannan layuka. Yadin da kansa ya zama takardar awo.

Sabuwar rigarmu fa? An ɗauki rabin wani zane aka haska shi a madubi, hagu ta zama dama, aka cike kowane gurbi. Akwai wasu siffofi masu tsini da ke kama da aska, amma an jera su daidai wa daida a ɓangarorin biyu kamar haƙoran zarto. Ba inda ido zai fara, ba inda zai huta. Madubi shi ne umarni mafi arha a kowace manhajar zane, dannawa ɗaya ce. Abin da tsohon mai zane ya yi ya fi wuya nesa, domin babu maɓallin da zai gaya maka girman da'irar da za ta iya riƙe nauyin askake takwas.

Dagi ba ya ƙarya

Wani zai ce wannan duk ra'ayi ne, kowa da abin da ke burge shi. To mu zo inda za a iya ƙirgawa. Dagi, wanda muke gani a bangon gidajen gargajiya da jakunkunan fata da riguna, har ya zama tambarin Arewa, yana da doka guda ɗaya mai sauƙi: in ka bi igiyarsa, a wannan mahaɗa ta hau, a ta gaba ta nutse, ta sake hawa, ta sake nutsewa, har ka dawo inda ka fara.

Ɗauki dagi mafi sauƙi, dogayen zobba biyu da suka gitta juna. Suna haɗuwa a wuri 4. A kowace mahaɗa akwai zaɓi biyu, wannan igiya a sama ko waccan. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu, hanyoyi 16 ke nan. A cikinsu guda 2 kawai ne suke bin dokar hawa da nutsewa daga farko har ƙarshe, kuma ɗaya hoton ɗaya ce a madubi. Idan aka ƙara murabba'in da ke ratsa hannuwan dagin huɗu, kowane hannu igiya biyu, mahaɗu sun zama 12, hanyoyi sun zama 4,096. Masu bin doka har yanzu 2 ne. Wanda bai san dokar ba, yana dai kwafar abin da idonsa ya hango, da wuya ya dace.

Dokar tana da ma'ana. Dagin da ya bi ta, da za a yi shi da igiya ta gaske, ba zai warware ba, kowane zobe ya riƙe ɗan'uwansa. Idan kuwa zobe ɗaya ya hau a duk mahaɗunsa, to ɗora shi kawai aka yi a kan ɗayan, ɗagawa ɗaya za su rabu. Alamar ƙulli ce da ba ta ƙulle komai ba.

A sabuwar rigarmu akwai ƙananan dagi shida. Muka bi su da tsinken ashana. A huɗu daga ciki igiya ta hau sau biyu a jere. A sauran biyun babu hawa babu nutsewa, an zuba zare ne kawai a kan mahaɗun suka zama dunƙule. A rigar Kawu mun bi duk dagin da ke jikinta, ba mu sami inda doka ta karye ba, alhali layukan ba su kai na injin santsi ba. Ga hannu yana ɗan rawa amma tunani a tsaye, ga inji ba ya rawa amma babu tunani a bayansa.

Inda hula take haɗuwa

Hula ma tana da nata gwaji. Aikin da ke zagaye da zanna ko kube zane ne guda da ake maimaitawa a jere. Masana lissafi sun tabbatar cewa duk adon da ke maimaituwa a layi ɗaya, a ko'ina a duniya, ba ya wuce iri 7 ta fuskar tsarin maimaitawarsa. Kayan haɗin kaɗan ne: a matsar da siffa gaba kawai, a haska ta a madubi na tsaye, a haska ta a madubi na kwance, a juya ta kanta ya koma ƙasa, ko a haska ta a kuma matsar, kamar sawun ƙafar dama da ta hagu a kan yashi. Duk yadda ka gauraya su, bakwai za ka samu. Wanda ya tsaya gaban mai tallar huluna da wannan a ransa zai fara ganin abin da bai taɓa lura da shi ba, cewa huluna biyu masu launi daban suna iya zama tsari ɗaya, biyu masu kama da juna kuma tsarinsu ya bambanta.

Amma hula da'ira ce, dole ƙarshen layin ya haɗu da farkonsa. A ce faɗin siffa ɗaya inci 2 ne. A hula mai lamba 22 za ta shiga sau 11 cif. A mai lamba 23 kuwa saura inci ɗaya, rabin siffa. Mai zanen da ta san aikinta sai ta raba wannan inci ga siffofin goma sha ɗaya, kowacce ta ƙaru da ɗan abin da ido ba zai kama ba, hula ta rufe ba tabo. Mai gaggawa sai ya datse siffar ƙarshe biyu, ya tura mahaɗar ƙeya yana fatan ba wanda zai duba. Ranar Juma'a, in kana sahu na biyu, ƙeyar mutanen sahun farko littafi ce a buɗe, ko da yake ba don haka aka je masallaci ba.

Abin da injin ya sani

Kada a ɗauka muna kukan a koma zamanin da ne. Keken surfani ya daɗe da shigowa, kuma bai kashe sana'ar ba. Salihu Maiwada da Elisha Renne sun rubuta yadda abin ya kasance a Zariya daga 1950 zuwa 2005: maza da yawa suka koma aikin keke, mata a cikin gidaje suka karɓi aikin hannu suka mai da shi hanyar samu. Dangantakar zare da kwamfuta ma tsohuwa ce. Masaƙar Jacquard ta Faransa, a farkon ƙarni na 19, da katuna masu huji ake ba ta umarnin zanen da za ta saƙa, kuma daga nan Charles Babbage ya aro dabarar katunan injin lissafinsa. Mu ne baƙi a gidan masaƙa, ba su ba.

Matsalar tana cikin abin da muke ba injin. Ɗaya daga cikin nau'o'in fayil da injinan surfani suka fi karɓa shi ne DST, na kamfanin Tajima na Japan. In ka buɗe shi ba za ka ga aska ba, ba za ka ga dagi ba. Jerin umarni ne kawai: matsa kaza dama, kaza sama, soka; tsallaka ba tare da suka ba; tsaya a canza zare. Kowane taki ba ya wuce milimita 12.1. Fayil ɗin bai san wace igiya ce a sama ba, bai san cewa siffofin nan goma sha ɗaya 'yan gida ɗaya ba ne. Duk wannan sani yana kan mutumin da ya tsara fayil ɗin, kuma da zarar ya adana shi a wannan siga, sanin ya tsaya a wurinsa.

Daga nan sai fayil ya shiga yawo daga waya zuwa waya, daga shago zuwa shago. Wani ya ɗauki hoton tsohuwar riga, manhaja ta bi gefen siffofin da kanta ta cike su da zare, ba ta san mahaɗa ba balle doka. Wani ya karɓi zanen da aka tsara don ƙirjin babban mutum ya matse shi don rigar yaro. Yawan sukar allura bai ragu ba, wuri ne ya ragu, sai aikin ya yi tauri kamar faranti, shadda ta tattare a gefensa. In aka buɗa shi kuma sai yadi ya riƙa leƙowa ta tsakanin zare. Tsallake-tsallaken da muka gani a bayan rigarmu shaida ce cewa ba wanda ya zauna ya tsara wa allura hanya, abin da mai baƙin zare take yi da ka tun shekaru ɗari biyar.

Da muka koma wurin telan muka nuna masa dagin, bai yi musu ba. Ya ce, "Yallaɓai, ni ma sayen zanen na yi. Kuma tunda na fara wannan aiki ba wanda ya taɓa dawo min da riga saboda dagi. Abin da ake tambaya shi ne, aikin ya cika?" Gaskiya ya faɗa. Mai saye ne yake koya wa kasuwa abin da za ta kawo. Muddin cikar zare muke biya, cikar zare za a ba mu.

Abin da Makera ta riga ta gani

Wannan magana tana da nauyi na daban a unguwarmu. Makera da Kakuri sun tashi ne da jiniyar masaƙu. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Wasu suka biyo baya, har da UNTL a 1964. Mutane daga kowace kusurwar ƙasar nan suka zo suka zauna a kudancin kogin Kaduna saboda zare. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe, a 2007 UNTL ta dakatar da aiki. Kowa yana maganar ayyukan da aka rasa, kuma ya cancanci a yi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne sanin da ya watse: mutumin da yake jin ƙarar inji ya san wane zare ne zai tsinke, wanda yake haɗa launi da ido, wanda yake tsara zanen atamfa yadda zai maimaitu ba a ga mahaɗa ba. Gini yana nan a tsaye, amma wannan sani ya bi masu shi gida, da yawansu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Surfani yana kan wannan hanya, sai dai nasa a hankali yake tafiya, ba jiniya ba sanarwa. Shagunan suna cike, injina suna kwana suna aiki kafin Sallah, ga shi kamar sana'a tana bunƙasa. Amma masu iya zana aska takwas daga ka, su san dalilin kowane layi, ba sa ƙaruwa. A 1976 an baje kolin fasahar Hausawa a Landan, Heathcote ne ya tsara shi, kuma manyan rigunanmu suna ajiye a gidajen tarihi na Turai ana kula da su. Zai zama abin kunya a wayi gari mai son sanin yadda ake ƙulla dagi sai ya nemi biza.

A nan ne laifin ya dawo kanmu, mu da muka yi karatun kwamfuta. Mun iya rubuta manhajar da za ta karɓi lambar hula ta raba zane daidai, aikin yini ɗaya ne. Mun iya rubuta wadda za ta zana dagi kowane iri ba tare da ta karya dokar hawa da nutsewa ba, ta kuma tsara wa allura hanya mai ƙarancin tsallake. Lissafin duk an gama shi tun kafin a haife mu. Abin da ba mu da shi shi ne abin da ke kan tsofaffin masu zane na Zariya da Kano da Bida, da matan da ke aikin hula a cikin gidaje: sunan kowace siffa, abin da ke zama kusa da me, inda ake barin fili. Wannan ba ya cikin intanet. Sai an je an zauna a gabansu, an biya su haƙƙin iliminsu, an rubuta ƙa'idar da sunansu a kai. In ba haka ba, za mu zama wasu masu kwafar fuska ne kawai, da kayan aiki mafi tsada.

Mai saye ma yana da nasa rabo, kuma ba ya buƙatar digiri. Kafin ka biya kuɗin riga, juya ta ka ga bayanta. Nemi dagi ka bi shi da yatsa: hawa, nutsewa, hawa, nutsewa. Ɗaga hula ka nemi inda ta haɗu. Ja da baya taki uku ka tambayi kanka ko akwai inda aka bar wa ido wurin hutawa. In aikin ya ci wannan jarrabawa, na hannu ne ko na inji, ka biya ba tare da dogon ciniki ba, ka kuma gaya wa mai shi abin da ka gani. Yabon da ya san abin da yake yabawa shi ne yake gyara sana'a.

Ranar Sallah mun sa sabuwar rigarmu, tunda kuɗi sun riga sun fita. Kawu ya sa tasa. A hanyar dawowa daga idi ƙaramin jikansa ya kama gefen aljihun rigar yana bin wani layi da yatsa, ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, wannan igiyar ina ta tafi?" Kawu ya tsaya a gefen titi, mutane suna wucewa, ya riƙe yatsan yaron ya ce, "Bi ta a hankali. Ta shiga ƙarƙashi ne, za ta fito."